Bincike kan gurup ɗin karatu na onlayin: matasa ne za su jagoranta ko 'yan cike fom ake nema?

Abba_Dorayi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa harkar bincike ko aiki da ƙungiyoyi.

Ni da wasu abokaina ne muke riƙe da wani gurup na masu shirin JAMB da WAEC, tun lokacin korona a 2020 muka buɗe shi da aka rufe makarantu ga kuma ASUU ta tafi yajin aikin nan da ya kai wata tara, muna zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi sai muka ce bari mu riƙa yi wa ƙannenmu bitar lissafi da fizis da kemistiri ta WhatsApp. Wasa wasa abu ya girma, yanzu har mun koma da wani ɓangare Telegram saboda WhatsApp ba ya ɗaukar sama da mutum 1,024 a gurup ɗaya. Kyauta muke yi, mai hali a cikinmu ya saya wa masu koyarwa data, shi ke nan.

To wata ƙungiya ce ta neme mu, sun ce suna aiki tare da wata jami'a a Turai kan yadda matasan Afirka ke koyon karatu a irin waɗannan gurup-gurup ɗin, kuma wai tsarinsu shi ne matasan da kansu su jagoranci binciken. Za su ɗauki mutum biyu a cikinmu, a yi mana horo ta Zoom, a ba mu tablet da alawus na wasu watanni. Da na ji haka wlh na yi murna, don ni dama ina son harkar bincike kuma ina da burin yin masta.

Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne a cikin takardun da suka turo har da takardar tambayoyin da za a yi wa ɗalibai, an riga an gama rubuta ta tsaf da Turanci. Kana da laftof? Awa nawa kake yi a dandalin a sati? Ka kammala kwas ɗin? Mu fa ba mu da wani kwas da ake kammalawa, yaro yana shigowa ne ya yi wata biyu ya rubuta jarrabawa ya tafi, wani ma ba ya cewa uffan daga shigarsa har fitarsa sai dai ranar da sakamako ya fito ka ga ya turo maka hoton makinsa ta bayan fage yana godiya. Sannan sun ce za a saka mutum ɗaya daga wajensu a gurup ɗin ya riƙa kallon yadda ake mu'amala.

Tambayata ita ce, idan aka ce matashi ya jagoranci bincike me ake nufi takamaimai? Me ya kamata mu tambaye su kafin mu sa hannu? Kuma ya halatta mu bar baƙo ya shiga ya kwashi hirar yaran mutane? Ba na son mu yi asarar dama, ba kuma na son a yi amfani da mu.

Tsohon_Ɗan_Fili:

Wa alaikumus salam. Abba zan faɗa maka ko da ba daɗi, tunda an riga an rubuta tambayoyin to an gama jagorancin, abin da ya rage aikin ƙafa ne. Kamar ɗan acaɓa ne, kai ke riƙe da kan babur amma na bayanka ke faɗin inda za a je.

Na yi wannan aikin shekara da shekaru a Jigawa da Katsina da ƙungiyoyi daban-daban. Ga yadda abin yake. Za a tara ku a otal a yi muku bita, a ba ka tablet an saka fom a KoboToolbox, wata manhajar tattara bayanai, a ce ga adadin mutanen da za ka yi wa tambayoyi a rana. Fom ɗin yana ɗaukar GPS da lokacin da ka fara da lokacin da ka gama, idan ka gama da wuri sufabaiza ya kira ka ya ce ka yi cuwa-cuwa, idan ka daɗe ya ce kana ɓata lokaci. Da yamma ka nemi inda ake samun sabis ka tura, kana turawa shi ke nan sun bar hannunka, ba za ka ƙara ganin su ba har abada. Akwai wata tambaya da na tabbata duk wanda muka yi wa ita bai gane ta ba saboda yadda aka fassara ta, muka faɗa a wajen bita aka ce an riga an amince da fom ɗin daga sama ba a taɓa shi. Haka muka yi ta cike amsar da mun san ba ta da ma'ana.

Bayan shekara sai ka ga rahoto ya fito mai kyalli, hotonka a bango kana sanye da hular ƙungiya kana murmushi da tablet a hannu, sunanka kuma babu ko a shafin ƙarshe, iyaka a ce ana godiya ga ma'aikatan fili. Kuma mu ne muka san dalilin da ya sa amsoshin ƙauye kaza suka fita daban, mu muka san ranar kasuwa ce maza duk ba sa gida, ba wanda ya tambaye mu.

Ni ban ce kar ka karɓa ba fa, alawus halal ne, a halin da ake ciki ba a raina shi. Amma ka karɓa ka san me ka karɓa. Yanzu masu ba da kuɗi sun fi son su ga an rubuta matasa ne ke jagoranta a cikin takardar neman tallafi shi ya sa kowa ke rubutawa.

Dakta_Samaru:

Abba sannu da ƙoƙari, abin da kuke yi wa yaran nan Allah ya saka. Ɗan Fili ya faɗi gaskiya amma rabinta ya faɗa, bari in ƙara.

Ƙorafin nan ba a nan ya tsaya ba, an daɗe ana yin sa a manyan taruka har ya kai an rubuta ƙa'idoji. A 2018 aka fitar da kundin TRUST kan yadda masu bincike daga ƙasashe masu arziki za su yi aiki a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba tare da cin zali ba. A 2022 aka yi babban taron duniya kan gaskiya a harkar bincike a Cape Town, daga nan aka samu sanarwar da ke magana kan adalci tsakanin abokan bincike, a shekarar ne kuma mujallar Nature ta fara tambayar marubuta ko sun sa masu binciken ƙasar da aka yi aikin tun daga tsarawa har rubutu. A 2023 kuma aka ƙaddamar da wata yarjejeniyar haɗin gwiwar bincike ta Afirka a Windhoek. Na kawo maka waɗannan ne don ka san idan ka ce a zauna a sake duba tambayoyi ba rashin kunya ka yi ba, jami'ar Turan da suke aiki da ita ta san da waɗannan takardu sarai, wataƙila ma ta sa hannu a wasu.

Jagoranci yana farawa ne daga wa ya ce wannan ita ce tambayar. Ka duba misalin da ka kawo da kanka, ka kammala kwas ɗin. Wannan ma'aunin daga manyan dandalin kwasa-kwasai irin su edX da Coursera ya fito, inda akwai rajista akwai satifiket a ƙarshe, kuma ko a can wani nazari da ya fito a mujallar Science a 2019 kan kwasa-kwasan MIT da Harvard ya nuna wajen kashi 3 cikin ɗari ne ke kai wa ƙarshe. Idan aka ɗauko wannan ma'aunin aka ɗora a kan gurup ɗinku sakamakon da zai fito shi ne ba a koyon komai, alhali kai ka san yaron da bai taɓa magana ba shi ne ya sauke fayil ɗin tsofaffin tambayoyi ya tura wa 'yan ajinsu ta Xender, su kuma ko sunansu babu a gurup. To wannan ita ce tambayar da ta cancanci bincike, ina karatun yake zuwa bayan ya bar gurup, kuma wanda ke zaune a Turai ba zai yi tunaninta ba don bai san ana yi ba. Ka rubuta irin waɗannan guda biyu ko uku ka tura musu ka ce kuna son a gina binciken a kansu. Amsar da za su ba ka ita za ta nuna maka ko da gaske suke.

Sai maganar bayanai, a rubuta cewa kuna da damar ganin duk abin da aka tattara bayan an cire sunaye, kuma da ku za a zauna a yi nazari, ba a kawo muku an gama ku tafa ba. Sai suna a kan takarda. Akwai tsarin da ake kira CRediT da mujallu da yawa ke amfani da shi, ya kasa aikin bincike gida 14, ana rubuta wane ya yi kaza wane ya yi kaza, tattara bayanai da tsara su suna ciki. Ku yi maganar tun yanzu a rubuce, don in aka bari sai an gama rubutu kunya ce za ta hana ku magana. Ka buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike da ke haɗa sunanka da ayyukanka, kyauta ne. Kuma ka nemi ganin kasafin kuɗin ɓangarenku, wanda bai san nawa aka ware ba bai jagoranci komai ba.

Amma fa in ja kunnenka, zama ɗan gida ba ya mayar da mutum mai bincike. Kai admin ne, kana son a ce gurup ɗinku na aiki, yaran kuma suna jin nauyinka, in ka tambayi yarinya ko tana amfana me kake tsammanin za ta ce? Waɗanda suka fi kowa abin faɗa su ne waɗanda suka fice shiru, kuma su ne ba za ka so nema ba. Horon da za su ba ku ka riƙe shi da muhimmanci, yadda ake zaɓar waɗanda za a tambaya, yadda ake tambaya ba tare da ka saka wa mutum amsa a baki ba, wannan sana'a ce ana koyon ta. Na ga matasa da aka sakar musu komai da sunan jagoranci ba mai duba su, abin da suka kawo ba ya amfanuwa, daga nan aka ce ai dama ba za su iya ba.

Mu ma na gida ba mu wanke ba. Tun tuni ƙasashen Tarayyar Afirka suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin ɗari na arzikinsu ga bincike, Najeriya ba ta kai kusa da wajen ba. Kuɗin binciken TETFund kuma ta hannun malaman manyan makarantun gwamnati yake bi, matashi irinka da ba ya cikin albashi ba shi da ƙofar shiga sai ta bayan wani. Kuma a cikinmu malaman akwai masu sa ɗalibi ya yi wahalar duka su ɗora sunansu a gaba, ba sai Bature ba.

Maman_Ilham:

Ni tambayarka ta uku ce ta dame ni kuma na ga mazan sun tsallake ta sun tafi maganar suna a takarda.

Abba ƙanena kar ka saka kowa a gurup ɗin nan sai kowa ya sani ya yarda. Ina da gurup na mata zalla, tajwidi muke yi da safe, da yamma kuma wata 'yar uwa tana koyar da yanka da ɗinki, kusan komai da murya ake turawa don da yawa karatun boko bai yi nisa ba wasu kuma hannunsu na cikin wanke-wanke. Mace za ta turo karatunta ana jin kukan yaro da ƙarar turmi a baya, malama ta gyara mata, wani lokacin a tsakiyar karatun ta saki wata magana ta gidanta don ta san mu kaɗai ne. Wata da wayar mijinta take shiga sai ya dawo da dare, wata ta roƙa ta roƙa kafin a bar ta ta shiga da sharaɗin ba namiji. Ranar da aka ce ga wani baƙo yana sauraro, ko mace ce, wlh rabi za su yi shiru sauran kuma a cire su daga gida. To me aka bincika kenan? An kashe abin da aka zo dubawa.

Naka ma ya fi nawa haɗari don yara ne. Masu rubuta JAMB da yawa 'yan 16 da 17 ne, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta ce wanda bai kai 18 ba sai da yardar iyaye ko mai kula da shi. Kai admin ba ka da hurumin yarda a madadinsu, lambar waya da murya da hoton sakamako duk bayanan mutum ne. Kuma turo dogon rubutun Turanci a ce wanda bai yarda ba ya fita, wannan ba neman izini ba ne. A yi bayani da Hausa, da murya, a faɗi wa zai ji, ina za a ajiye, yaushe za a goge, kuma wanda ya ƙi ba za a cire shi daga darasi ba.

Mu a Kano ba sai an yi mana dogon bayani kan bincike ba tare da cikakken izini ba. Gwajin maganin Trovan da Pfizer ta yi kan yara wajen 200 lokacin annobar sanƙarau a 1996 har yau iyayenmu na maganarsa, shari'a ta yi ta ja har sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha kan dala miliyan 75, kuma kowa ya san yadda abin ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna daga baya. Na san wannan ba magani ba ne hira ce, amma uban da zai ji an naɗi muryar 'yarsa an kai Turai ba zai tsaya bambancewa ba, kuma ƙofar gidanku zai zo ba ta ƙungiya ba.

Sannan mutum biyun da za a ɗauka, duk maza ne ko? In haka ne ku sake lissafi. Yarinya ba za ta faɗa maka cewa an ƙwace wayarta saboda wani a gurup ya bi ta ta bayan fage yana damun ta ba, mace 'yar uwarta za ta faɗa wa. Kuma wannan yana cikin manyan dalilan da ke fitar da 'yan mata daga irin gurup ɗin nan, ban taɓa ganin sa a fom ɗin kowa ba.

Abba_Dorayi:

Na gode ƙwarai. Anti maganarki ta shige ni, gaskiya mu biyun da muka yi niyya duk maza ne, amma akwai wata da ke koyar da bayoloji tana aji uku a jami'a zan yi mata magana. Dakta ranka ya daɗe, in muka tura musu namu tambayoyin suka ce lokaci ya ƙure an riga an samu amincewar kwamitin ɗa'a, masu duba kada bincike ya cutar da mutane, a can jami'arsu fa? Don sun ɗan nuna hakan a saƙonsu. Kuma a gaskiya ina tsoron mu cika sharuɗɗa su tafi wajen wasu, gurup irin namu ba ɗaya ba ne a garin nan.

Nafisa_Data:

Su tafi mana. Yaya Abba ni abin da ban gane ba shi ne me ya sa kullum sai mun jira wani ya zo ya ba mu izinin bincikar abin da ke cikin wayarmu.

Ka duba Masakhane. A 2019 aka fara, matasa ne daga ƙasashen Afirka daban-daban suka haɗu ta intanet suna aikin fassarar na'ura da sarrafa harsunanmu, da yawansu ba su da digiri na uku wasu ko masta babu, a Slack da GitHub ake komai. A 2020 suka fitar da takarda kan yadda suka yi binciken tare da jama'a, marubuta sama da 40, wanda ya yi fassara da wanda ya duba ingancinta duk an saka su a matsayin marubuta ba a tura su shafin godiya ba, kuma takardar ta ci kyautar bincike ta gidauniyar Wikimedia a 2021. Su kansu al'ummar koyo ce ta onlayin, kuma su suka rubuta labarin kansu.

A nan gida ga HausaNLP, masu aikin sarrafa harshen Hausa a kwamfuta. Aikin NaijaSenti da ya fito a 2022, wanda aka tattara saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Pidgin wajen dubu 30 kowane harshe ban da Pidgin da bai kai haka ba, aka tantance ko yabo ne ko suka ko tsaka-tsaki, Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ne ya ja gaba, daga baya abin ya faɗaɗa ya zama AfriSenti mai harsuna 14. Ga Arewa Data Science Academy da ke koyar da Python da nazarin bayanai kyauta ta onlayin. Waɗannan ba wanda ya zo ya naɗa su, sun fara ne sannan masu kuɗi suka biyo su, kuma wanda aka biyo shi ke faɗin sharaɗi.

Ku kuna zaune a kan kayan bincike tun 2020. Kun ga abin da ya faru da gurup lokacin yajin aikin ASUU na 2022 na wata takwas. In kuna da ɗalibai a Zamfara kun ga yadda suka ɓace ɗif da aka katse layukan waya a Satumbar 2021, wa ya dawo wa bai dawo ba? Da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, an rage turo bidiyo an koma murya da rubutu ko kuwa? Ƙarfe nawa aka fi sauke darasi, ba lokacin datan dare ba ne? Ana ta ƙaddamar da manyan abubuwa, ga dandalin karatu na Learning Passport na UNICEF da ma'aikatar ilimi tun 2022, ga shirin gwamnati na koyar da fasahar zamani 3MTT tun 2023, amma gurup ɗin unguwa da yara suka fi zama a ciki ba mai rubuta komai a kansa. KoboToolbox ɗin da Ɗan Fili ke magana kai ma za ka iya buɗe naka kyauta, ka gama ka ɗora rahoton a AfricArXiv, shafin da masu bincike na Afirka ke ajiye takardunsu kowa ya karanta. Sharaɗin Anti dai yana nan, izini tukuna, ko da ku ne da kanku.

Issoufou_Maradi:

Salamu alaikum, gaisuwa daga Maraɗi. Ina bin zancen ga tun farko, ina son in ƙara abu guda daga wajenmu.

A Yamai akwai cibiyar bincike da ake kira LASDEL, tun 2001 aka kafa ta, masana 'yan Nijar da Benin ne tare da Jean-Pierre Olivier de Sardan, tana da reshe a Parakou. Abin da ya sa na kawo ta, salon aikinsu shi ne a fita fili a ƙungiya, manya da ƙanana tare, da marece a zamna kowa ya faɗi abin da ya ji, daga nan ne ake gyara tambayoyin, ba a zo da su a kulle daga birni ba. Matasa da yawa nan suka koyi aikin har suka zama masu bincike da kansu, kuma rahotanninsu na nan kyauta a intanet. Kenan tsakanin maganar Dakta da ta Nafisa akwai hanya, yaro ya yi aiki kusa da babba amma bakinsa na da daraja a wurin zama.

Na biyu, in an ce matasan Afirka a duba wane ne ke ciki. Galibi masu Turanci ne na Legas da Nairobi da Accra, mu masu Faransanci a lakkol da Hausa a gida ba a cika tuna mu ba, horon ma da Turanci ake yin shi a Zoom. Alhali ɗalibanmu na cikin gurup ɗin malaman Kano da Sakkwato da Zariya suna ɗaukar karatun addini da na sana'a, iyaka ba ta tare WhatsApp. Da Najeriya ta yanke muna wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023, cajin salula ma ya zama aiki, rezo, wato sabis, na zuwa na tafiya, dalibai da yawa suka bar bin darasi. Wanda ya duba lambobi kawai zai ce 'yan Nijar ba su da himma. Malam Abba in akwai masu lambar +227 a gurup ɗinku a sa su cikin lissafi.

Tsohon_Ɗan_Fili:

Nafisa maganarki da daɗi amma su waɗancan suna da laftof da malamai a waje da ke buɗe musu ƙofa. Abba data ma sai an yi karo-karo. Bincike ba alawus wata nawa za ka iya kafin gida su ce ka tashi ka nemi abin yi? Ni dai a karɓi kuɗin a yi musu aikinsu, a koyi abin da za a koya, naku binciken ku yi shi a gefe.

Nafisa_Data:

Yaya ai a gefen ma da bayanan wa za a yi in ya sa hannu cewa duk abin da aka tattara mallakinsu ne? Wannan layin shi za a fara nema a takardar kafin adadin alawus.

Dakta_Samaru:

Abba kan tambayarka, amincewar kwamitin ɗa'a ba ta hana gyara, ana tura buƙatar gyara a ƙara tambayoyi ko a canja hanya, mu ma muna yi kullum, 'yan makonni ne. In sun ce sam ba zai yiwu ba to ba sa so ne. Kuma amincewar jami'arsu ta can ba ta wadatar ba, kundin TRUST ɗin da na ambata ya ce a nemi ta ƙasar da za a yi aikin ita ma, don haka ka tambaye su wace jami'a ko hukuma ce ta duba musu a nan, kuma wane malami ne na gida a cikin tawagar da za ku iya zuwa ofishinsa. In babu, ku ba su shawarar su nemi wani a tsangayar ilimi ta Bayero tunda kuna Kano, ko su tuntuɓi CITAD da ta daɗe tana aiki kan fasahar sadarwa a Arewa.

Fom ɗin nasu ba sai kun yi faɗa a cire shi ba, mai yiwuwa ƙasashe da yawa ake yi wa tambayoyi iri ɗaya don a kwatanta. Ku ce a bar shi, amma a ƙara ɓangare na biyu wanda ku za ku tsara, hira da Hausa da waɗanda suka fice da waɗanda ba sa magana da 'yan matan da Maman Ilham ta faɗa, ku yi nazarinsa da taimakon malami, ya fito da sunanku a gaba. Baƙo a gurup kuma a ajiye maganar har sai an samu yardar iyaye. Layin mallakar bayanai da Nafisa ta ce, ka kwafo shi kaɗai ka liƙa a nan ba tare da sunan ƙungiyar ba mu duba maka kafin ka ba su amsa.